Shekarar da Motar Malam Ta Nemi Hanya

Ƙas-ƙas-ƙas. Iyakar ƙarar ke nan, ba ta fi ta cokali idan ya taɓa bakin kofi ba. Ina durƙushe a gindin murhu ina dama koko, gari bai gama wayewa ba, na jiyo ta daga rumfar kwanon da ke bakin ƙofa, inda motar Babanku take kwana. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran injin ya kama kamar kullum. Sai na sake jin ƙas-ƙas-ƙas, daga nan kuma shiru. Shirun ne ya tashe ni tsaye. Da na leƙa, na tarar da Malam zaune a mazaunin direba, ƙofa a buɗe, ƙafarsa ɗaya a ƙasa, hannunsa a kan makulli, fuskarsa tana fuskantar bangon da ba ya gani.

Na sha jin yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru da Sallah, kuna dariya. Wai Umma ce ta tsufa ta ƙyasa tuƙi, ta hana Yayanku Abba sayar da mota, har suka yi watanni ba sa shiri. Dariyar ba ta dame ni ba, ni ma nakan taya ku. Abin da ya dame ni shi ne labarin yana barin Yayanku a matsayin mai taurin zuciya, ni mai taurin kai, Babanku kuwa an cire shi daga ciki kamar ba a kansa aka yi komai ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina da sauran tunani, domin ƙanananku lokacin suna makaranta, manyanku kowa yana garin aikinsa, ni kaɗai na gani daga farko.

Kun san Babanku malamin gona ne. Rayuwarsa a kan hanya ya yi ta, da babur da farko, daga baya da tsohuwar motar nan mai dogon baya da kuka taso kuka gani. Babu ƙauyen da bai sani ba daga Surko zuwa Yalwan Damai, har can ƙasar Gwaram inda aka haife shi. Bayan ya yi ritaya tsohuwar ta gaji, kuka haɗu kuka saya masa wannan, mai sanyi a ciki, marar kuloci, Allah Ya yi muku albarka. Bai daɗe yana jin daɗinta ba hawan jinin ido ya ci ganinsa. Likitoci suka ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya karɓi ƙaddara, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba, amma ina kallo yana sakin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya saki gona, ya saki zaman majalisa a ƙofar gida, ya saki zuwa suna da ɗaurin aure. Masallaci ne kawai, shi ma maƙwabcinmu ke riƙe masa hannu. Abu ɗaya tak ya rage wanda yake yi da kansa ba mai taɓa shi, shi ne ɗumama mota.

Da ya dawo daga sallar asuba sai ya bi bango da hannu har rumfa. Ya buɗe bonet da lalube, ya zaro sifana 'yar ƙarama da take zama a aljihunsa tare da carbi, ya mayar da kan batir ya ɗaure. Sai ya shiga ya tayar da ita, ya bar ta a sulo gwargwadon yadda koko zai dahu, ya kashe. Daga nan ba ya fitowa. Ya kunna rediyon motar da fanka, ya jingina, ya ji labaran duniya da shirin manoma har rana ta ɗaga, a can nake kai masa kokonsa da ƙosai. Da yamma kuma kafin magariba ya koma ya cire kan batirin, wai kada wuta ta zurare cikin dare. Haka duk tsofaffin direbobi suke yi, haka ya yi wa tsohuwar motarsa shekara da shekaru ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ni kuwa ƙarar injin nan ita ce agogona, kuma ita ce take gaya mini mijina ya tashi lafiya.

To, ranar nan ta ƙi tashi. Maƙwabci ya zo da motarsa aka jona waya ta tashi, bayan 'yan kwanaki ta sake yin ƙas-ƙas. Abba ya aiko da sabon batir daga Kano. Shi ma bai yi nisa ba ya bi sawun na farko. Malam ya ce ba shakka altaneta ce, wato abin nan da injin ke juyawa ya ba batir wuta, kuma shi zai gwada ta da kansa yadda aka saba tun da can. Aka sake jona mata waya ta tashi, ya ce in tsaya kusa in riƙe masa hannun riga kada bel ya kama. Injin yana aiki ya sa sifana ya zare kan batir. A ƙa'idarsu ta da, idan injin bai mutu ba altaneta lafiyarta lau. Injin bai mutu ba kuwa. Ya juyo yana murmushi, irin murmushin da na daɗe ban gani ba. Amma ni da nake da ido na ga fitilun gaban direba duk sun kama ƙyafta-ƙyafta, rediyo ya yi fus, wani ƙauri ya taso. Tun daga ranar rediyon nan bai sake magana ba.

Na aika aka kira Bitrus mai wayarin mota. Ƙanananku ba su san shi sosai ba. Mutumin Filato ne amma a nan Birnin Kudu ya girma, Hausarsa tamu ce, Malam yana ƙaunarsa tun zamanin babur. Ya zo ya durƙusa ya gaida Malam, ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana dubawa, ya tambayi yadda ake yi da motar kullum. Malam ya zayyana masa tiryan-tiryan, yana alfahari. Bitrus ya ce to, to, zai ɗauki batirin ya kai gareji ya yi masa caji. Da na rako shi zaure sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Mama, ni dai bakina ba zai iya gaya wa Baba ba. Altaneta ba ta da laifi, Allah Ya kiyaye gwajin nan bai ƙona ƙwaƙwalwar motar ba, a rediyo ya tsaya. Batir ma ba shi da laifi. Kulawar da Baba yake yi mata ce take kashe ta."

Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane, na yi sakandare amma ban yi makarantar mota ba. Ya dawo da ni rumfa ta baya, ya nuna mini wani ɗan abu baƙi a maƙale a kan batir, bai fi kwalin ashana ba. Ya ce motocin da, muddin injin yana juyawa altaneta tana ba da wuta bai-ɗaya, ba ta tambayar kowa. Wannan kuwa akwai mai ba ta umarni. Ɗan abin nan yana auna wutar da ta shiga batir da wadda ta fita, yana jin zafinsa, yana kai wa ƙwaƙwalwar motar rahoto, ita kuma ta ce wa altaneta ƙara ko rage. Idan ana hawa tudu ko an taka totur, sai ta sassauta mata don kada ta ƙara wa injin nauyi a sha mai. Idan direba ya ɗaga ƙafa mota tana gangarawa da kanta, a nan take sa ta ɗura wa batir wuta sosai, tunda ƙarfin banza ne zai tafi. Da zafin bazara takan rage kada batir ya dahu. Ba ta ma cika shi fal, da gangan take barin wuri don abin da gangara za ta kawo. To, duk yamman da aka cire kan batir, lissafin da take riƙe da shi ya goge, da safe ta tashi ba ta san ko batirin a ƙoshe yake ko da yunwa ba. A sulo kuma injin a hankali yake juyawa, ɗan abin da aka samu ba ya mayar da wanda aka ci wajen tayarwa, ga rediyo da fanka su zauna su cinye saura. Ya ce ko ya cire ɗan abin ta koma ba da wuta bai-ɗaya, ba zai ishe ta ba in dai a rumfa za ta zauna. Magani biyu ne: a bar kan batir a wurinsa, kuma a hau hanya da ita, hanya mai nisa, a kai a kai.

Na gane, don aikina ne. Mai rabon tuwo ba ta zuba wa kowa daidai, tana duban wanda ya dawo daga gona da wanda ya wuni a kwance, tana kuma rage wani abu a tukunya saboda baƙo. Idan aka fitar da ita daga gidan kullum da yamma, aka dawo da ita da safe, ina za ta san wanda ya kwana da yunwa? Ganewar ba ta yi mini wuya ba. Faɗar ce ta yi mini wuya.

A makon nan Abba ya bugo waya. Ku saurara da kyau a nan, don nan ne kuke yi masa rashin adalci. Bai ce mota tana cin kuɗi ba, bai ce ya gaji ba. Labarin gwajin ne ya kai masa, ya ce tun da ya ji bai samu natsuwa ba, yana ta ganin hannun rigar Babansa a cikin bel. Ya ce mutumin da ba ya gani bai kamata ya riƙa sa hannu a injin mai juyawa ba, kuma tunda motar ba ta zuwa ko'ina, idan ya zo Babbar Sallah zai tafi da ita a sayar, a saya wa Baba rediyo mai kyau da fanka mai caji ya zauna a ɗaki cikin aminci. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na kashe wayar na zauna ina kallon ƙofar ɗakin da ake so a zaunar da shi. Na san idan motar nan ta fita daga gidan, Malam ba zai sake samun dalilin bin bango ba.

Na yi istihara, na yi ta jan ƙafa, har ranar da Bitrus ya dawo da batirin. Da yamma Malam ya miƙe daga tabarma yana laluben aljihu. Na ce masa ya bar kan batirin yau. Ya ce don me? Na zauna kusa da shi na gaya masa duka, da ɗan abin mai kamar kwalin ashana, da sulo, da rediyo, da maganar Abba. Ban rage komai ba, domin ban taɓa yi masa ɓoye-ɓoye yana gani ba, ba zan fara don ya daina gani ba. 

"Wato ni nake kashe ta, Sa'ade."

"Ba kai ba ne, Malam. Zaman ne."

"Zaman," ya ce. Ya ajiye sifanar a kan tabarma, ya ce in kama masa hannu zuwa ɗaki. Tun da idonsa ya tafi bai taɓa neman a kama masa hannu a cikin gidansa ba sai ranar.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a aurena. Ya dawo daga asuba ya kwanta. Koko ya huce a kwano. Ba faɗa, ba fushi, in na yi magana ya amsa da kalma ɗaya. Na karɓe masa abu na ƙarshe da yake yi da hannunsa, kuma da bakina na karɓe. Maƙwabcinmu ya kawo shawarar a ɗauki direba, aka samo wani mutumin kirki ya kai shi har Yalwan Damai ya dawo da shi. Na tambayi Malam yaya hanya, ya ce lafiya lau, an kai buhun masara an dawo da shi. Bai sake yarda ba.

Ban san ranar da tunanin ya shigo mini ba. Na dai san wata safiya na sauke koko, na ɗauki makulli daga ƙusar da yake rataye, na je rumfa na zauna a mazaunin da ban taɓa zama ba. Hijabina ya maƙale a ƙofa, ƙafata ba ta kai ƙasa sosai ba. Na ɗaga murya yadda za ta kai ɗaki.

"Malam, a cikin biyun nan na ƙasa wanne ne birki?"

Na sake tambaya, na ƙara da cewa ina jin na dama ne, bari in gwada. Ban rufe baki ba na ji ƙarar takalmi. Sai ga shi yana bin bango da sauri, hula a karkace, yana cewa kada in taɓa komai, in cire ƙafata, so nake in rushe masa katanga in shiga ɗakin maƙwabta? Ya lalubo ƙofar ɗaya gefen ya shiga ya zauna yana haki. Da numfashinsa ya dawo ya tambaye ni ko wasa nake yi. Na ce mota tana son hanya, shi ya san tuƙi ba ido, ni ina da ido ba tuƙi, in an haɗa mu ai an samu direba guda. Ya ce a shekaruna? Na ce a shekaruna na koyi waya mai shafawa, kuma shi ya ce ba zan iya ba. Ya ce mutane fa? Na ce mutane ba su zo sun sha kokon da yake bari ba. Ya daɗe yana shafa gaban motar da tafin hannu.

"Na hagu ne birki," ya ce. "Mai faɗin. Kuma ƙafa ɗaya ake amfani da ita, ɗayar ki manta kina da ita."

A filin ƙwallon wata firamare na koya, ana hutu, bazara tana tsakiyarta. Bitrus ne yake kai mu, ya koma baya ya zauna, matarsa Rifkatu takan biyo mu da ruwan sanyi don ta rufe bakin masu magana, sai ta zama ita ce mai yawan ihu idan na nufi bishiya. Malam yana gaba, hannu ɗaya a kan gaban mota, kansa a karkace yana sauraro. Da kunne ya koya mini. Ya ce ina taka totur kamar ina daka sakwara. Ya ce birki kuma a hankali ake sa shi, kamar ina kwantar da jaririn da ya yi barci a bayana. Idan na yi daidai ba ya yabo, sai dai ya ce to, ba laifi, direbobin tasha ma haka suka fara. Ya koma cin abinci. Ya koma yi mini tsiya. Na je na yi gwaji na karɓi lasisi kamar kowa, don na ce ba zan hau titin gwamnati da sata ba.

Ruwa ya sauka, shuka ta fito, muka yi tafiyarmu ta farko zuwa Maruta wurin Gwaggonku Hansai, yayarsa, wadda rabon da su haɗu tun yana gani. Na karanta duk addu'ar da na sani. Masu babur suna wuce ni suna waiwaye. Da muka bar gari motar ta yi tsit, tunda ba rediyo, sai ya ce in gaya masa abin da nake gani. Na ce gonaki.

"Gonaki? Matar malamin gona ce take cewa gonaki? Na me? Ya kai ina? Wane launi?"

Na ce gero ne, ya kusa gwiwa, amma na wannan gonar ganyensa na ƙasa ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ya ce yunwar taki ce, ruwa ya wanke. Na ce ga wata an haɗa da wake, ga riɗi yanzu yake fitowa, ga shanu a gefen hanya da farin maraƙi. Ya riƙa tambaya ina amsawa, tsoron ya tafi ban san lokacin ba. Da muka zo wata doguwar gangara kafin gada ya ɗaga mini hannu.

"Ɗaga ƙafarki. Bar ta ta ci abincinta."

Na ɗaga. Ya karkata kai ya ce ga shi nan, yana jin altaneta ta ɗauki kaya, kukanta ya canja. Ni ban ji komai ba, har yau ban sani ba ko da gaske yana ji ko so yake ya ji. Amma tun daga ranar ya san kowace gangara a hanyar nan, kafin mu iso zai ce in shirya, ga wurin cin abinci. Mutumin da ya yi fushi da ƙwaƙwalwar mota sai ga shi ya zama abokin shawararta. Yakan ce yarinyar nan tana da tattali, ba ta ɗiba sai inda yake a banza.

Gwaggo Hansai ta fito ba ko takalmi. Ta rungume ƙaninta tana kuka, sannan ta leƙa motar tana neman wanda ya kawo mu don a ba shi fura. Malam ya ce ai ga direban nan a tsaye, sabon ɗauka ne, ba ya karɓar albashi sai dai yawan musu. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, ta kuma ce in shigo in zauna a kan gadonta.

Abin bai zo a kyauta ba. Da safe muke fita saboda rana tana wahalar da idonsa, da safe kuma ake karatun matan aure a Islamiyyarmu. Na yi nisa, saura kaɗan mu sauke tare da ƙawayena da muka fara tun daga baƙi. Na riƙa fashi har aka wuce ni. Ranar walimarsu na je na taya su rabon abinci, na dawo gida na shiga ɗaki na yi kukana. Sai bayan shekaru na sauke ni kaɗai, ba taro. A unguwa kuma na zama Hajiya direba, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Akwai gidan da aka daina aiko mini da goron biki.

Mafi ciwo shi ne na Abba. Kafin in samu bakin gaya masa wani ya ɗauke ni hoto a hanya, hoton ya yi yawo a waya har ya kai gare shi a wurin aiki. Nan take ya bugo mini waya.

"Umma, ina raye, ƙannena suna raye, ki hau titin da tirela take bi? Me za a ce mun zama?"

Na ce za a ce kun zama 'ya'yan da suka saya wa ubansu mota mai kyau. Bai yi dariya ba. Da Sallah ya zo, aka yanka rago, aka ci, bai ɗaga maganar ba. Malam ne ya ɗaga ta, ya ce masa motar nan tana aiki, ba ta sayarwa ba ce. Abba ya ce to Baba. Ya gaishe ni yadda ya kamata, amma bai shigo ɗakina ya miƙe a kan tabarma yana cin soyayyen nama da hira ba kamar yadda ya saba tun yana yaro. Watanni muna haka, gaisuwa gajera a waya. Wannan shi ne faɗan da kuke faɗa. Ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Kuma tsoronsa ba na banza ba ne, akwai ranar da wata babbar mota ta matse ni har na sauka gefen titi, Malam ya riƙe hannuna yana karanta Ayatul Kursiyyu har na dawo daidai. Shi yana tsoron ya rasa mu a hanya, ni ina tsoron in rasa Babansa a ɗaki. Ban ga wanda za a ce ya yi laifi ba.

Sauran shekarun da Allah Ya ba Malam a hanya muka yi su. Manoma suka gane motar, sukan tsayar da mu, a tsinko ganye a sa masa a hannu ya murza ya shinshina, ni in gaya masa launi, shi ya faɗi magani. Batirin nan bai sake yin ƙas-ƙas ba. Bitrus ya sha cewa a kawo ya sa sabon rediyo, Malam ya ce a'a, wanda yake da shi yanzu ya fi, ko da yake ba a iya rage masa murya. Idan jikoki sun zo hutu mukan ɗauke su a baya, musamman Nana 'yar Abba, wadda ba ta yarda a tafi ba ita.

Da Allah Ya karɓi abinsa, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta, na sami sifanar nan a aljihun rigarsa tare da carbi. Bai sake amfani da ita ba tun ranar da na yi masa magana, amma bai daina ɗaukarta ba. Na shiga takaba, ba fita. Wata rana ina zaune na tuna motar a rumfa, na ce shi ke nan, zama zai kashe ta, na kuma ji kunyar kaina da nake tunanin mota a irin wannan lokaci. Ranar Asabar da hantsi sai na ji sallamar Abba. Ya gaishe ni, ya miƙa hannu ya ɗauki makulli daga ƙusa.

"Bitrus ya ce ba ta son zama," ya ce, bai dube ni ba. "Zan je in gaida Gwaggo."

Haka ya riƙa yi har na fita takaba, daga Kano, mako bayan mako. Ya je Maruta ya dawo, ya rataye makulli, ya shigo ɗakina ya miƙe a kan tabarma. Wannan ɓangaren ne ba kwa sawa a cikin labarin, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Bayan na fita takaba na yi kwanaki ina kewaya rumfar ban shiga ba. Nana tana gidan, an yi hutu, ita ta dame ni sai mun je wurin Gwaggo. Muka kama hanya, tana baya a inda ta saba zama. Damina ce, ko'ina kore. Mazaunin da ke gefena ba kowa, ban iya kallonsa ba, ban kuma iya cewa komai ba. Muka bar gari, muka wuce gonakin farko, muka zo doguwar gangarar nan. Na ɗaga ƙafata ba wanda ya ce in ɗaga, hanya ta fara yi mini dishi-dishi. Sai na ji muryar Nana daga baya. Na duba madubi, na gan ta ta jingina, ta karkata kai gefe, ta runtse ido gam.

"Kaka, kin yi shiru. Ai na rufe idona. Gaya mini, geron ya kai ina?"